Lissafin Baitulmalin Zazzau Da Abin Da Talaka Ya Gani A Ƙasa

Jawabi ga taron tsofaffin ma'aikatan En'e da magadansu, a Kongo, Tudun Wada, Zariya

   

An umurce ni in yi magana a kan kuɗin En'e ta Zazzau, watau yadda a ke tara su, da yadda a ke kashe su, da abin da jama'a suka samu a madadinsu. Wurin da mu ke zaune kuwa ya dace da wannan magana ƙwarai, gama a nan Kongo ne cikin 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin ofis domin malaman En'e na lardunan Arewa. Cikin 1954 aka ɗaukaka ta ta zama makarantar koyon sha'anin mulki, sa'an nan cikin 1962 aka haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello. Da yawa daga cikinku a ɗakunan nan kuka koyi riƙon littafin kuɗi. Kun san kuwa ma'aji ba ya rufe littafi sai ya duba shafi biyu, na shiga da na fita. Taron tunawa ya kan zama taron yabo, kuma akwai abin yabo, zan faɗe shi. Amma da izninku zan buɗe shafin nan biyu duka.

Kafin zuwan Turawa, Zazzau tana da nata tsarin haraji. A Kano gona a ke yi wa kuɗi, amma a nan garma a ke ƙidayawa, manomi ya biya kuɗin garma. Akwai kuɗin karofi a kan marina, da kuɗin rafi a kan masu lambu, da jangali a kan shanu, ban da zakka wadda shari'a ta ɗora. Masu sarauta suna zaune cikin birni, jekadunsu su ke fita garuruwa su karɓo. Abin da aka karɓo ya kan ragu a kowace ƙofa da ya bi, har ya isa fada. Ba wanda zai iya gaya maka jimlar abin da aka tara a shekara, domin babu littafi guda da ya ƙunshe shi, dukiyar sarauta da ta mai sarauta kuwa a rumbu ɗaya su ke.

Turawa suka shigo Zariya cikin 1902, aka naɗa Sarki Aliyu ɗan Sidi cikin 1903. A zamaninsa ne aka yanka ƙasa gunduma gunduma, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna cikin ƙasarsa, aka kawar da jekadu, aka haɗa yawancin kuɗaɗen nan suka zama haraji guda. Da fari in an tara sai a raba biyu, Gwamnati ta ɗauki rabi, Sarki da hakimai da dagatai su raba rabi, kowa ya yi abin da ya ga dama da nasa. Sai a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Razdan Palmer ya kawo shawarar a zuba rabon nan na sarauta wuri ɗaya, a yanka wa Sarki da kowane ma'aikaci albashi sananne, abin da ya saura a yi wa ƙasa aiki da shi. Wannan shi ne asalin Baitulmali irin wanda muka sani, cikin 1911 kuwa aka shimfiɗa shi a manyan masarautun Arewa. Da Gwamna Lugga ya komo cikin 1912 ya so ya mai da kuɗin nan ƙarƙashin lissafin Gwamnati, amma manyan Razdanoni suka ƙi, Ofishin Mulkin Mallaka na London kuma bai goyi bayansa ba. Cikin 1928 aka ƙara rabon baitulmalin da suka cika tsari ya kai kashi 70 cikin ɗari, ko da ya ke da kasuwar duniya ta faɗi bayan haka an sake rage shi.

Ina roƙon samari su lura da girman wannan abu. Ranar da Sarki ya yarda a rubuta albashinsa cikin littafi, a layi ɗaya bisa layin albashin ɗan doka da na mai sharar kasuwa, ran nan aka raba aljihun mutum da aljihun hukuma. Duk abin kirki da En'e ta yi daga baya a kan wannan harsashi ya tsaya.

To, bari mu bi kwabo mu ga hanyarsa, gama a nan ne gwanintar iyayenmu ta ke. Tun da damina malamin haraji ya ke fita da littafinsa, shi da dagaci da masu unguwa, gida gida, a rubuta kowane baligi da sana'arsa. A kawo ƙidaya wurin hakimi, a kai birni, a daidaita abin da ya hau kan kowace gunduma da kowane gari. Ba a faɗar haraji sai kaka ta yi, sa'ad da aka buɗe kasuwar auduga da ta gyaɗa, kuɗi suka shigo hannun mutane. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya sa a ɗaure cikin jaka, 'yan doka su rako har Baitulmali. A can a zazzage a ƙidaya, fam da sule da sisi da taro da kwabo, har anini, wanda goma ke yin kwabo guda. Kowane mai biya yana da rasit nasa, wanda kuwa ya taɓa tafiya fatauci a zamanin nan ya san darajar 'yar takardar nan, gama ita a ke tambaya a hanya. Jangali shi kuma da damina a ke bin sa, lokacin da Fulani su ke zaune wuri ɗaya. Shi ne mafi wuyar lissafi, domin saniya tana da ƙafa, mai ita kuma ya san daji fiye da malami. Ba ƙaramin mutum kaɗai rigimar jangali ta taɓa ba. Cikin 1943 an yi ƙarar Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a kan kuɗin jangali, tun yana aikin En'e a Gusau, aka yanke masa hukunci a Sakkwato, ya ɗaukaka ƙara, a nan Zariya aka wanke shi.

Fitar kuɗi kuwa ta fi shigarsu wuya. Shekarar kuɗi ran 1 ga Afrilu ta ke kamawa, ta ƙare ran 31 ga Maris. Tun da sauran watanni kowane wakili zai kawo ƙiyasin abin da sashensa ke bukata, a tattauna a majalisar Sarki, Razdan ya duba, a aika Kaduna a sa hannu. Bayan haka ba a fitar da ko sisi sai da bauca, baucan kuma sai ya nuna kan da aka yanka kuɗin a ƙarƙashinsa. In kuɗin kan nan ya ƙare, shi ke nan, sai a nemi izni a rubuce. Ɗakin ajiya ba mutum guda ke riƙe da mabuɗansa duka ba. Di'o ya kan faɗo ba sanarwa ya ce a buɗe a ƙidaya, mai binciken lissafi kuma yana tafe a bayansa. Wanda littafinsa ya gaza da sule guda ba ya barci daren nan. Ku da kuka yi aikin ba sai na gaya muku ba.

Me aka yi da kuɗin? Daga cikinsu a ke biyan alƙalai da muhutai, da 'yan doka, da ma'aikatan gidan yari da abincin fursuna. Daga cikinsu aka gina makarantun elementare na gundumomi, aka riƙe Midil ta Zariya, wadda tushenta ya koma 1910, ita ce Alhudahuda ta yau, yaro yana karatu ana ci da shi ana ba shi tufa. Da su aka gina ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai, aka haƙa rijiyoyi aka ɗaure bakinsu da siminti, aka yi rumfunan kasuwa da mahauta, aka gyara hanyoyin rani da kwalbatoci, aka yi wa shanu allurar bushiya, aka keɓe gandun daji. Duba-gari yana shiga gida ya leƙa randa da masai, matan gida suna jin tsoronsa fiye da ɗan doka. Wanda ya auna wannan da ɗan abin da manomi ke iya biya a shekara, lalle ya jinjina wa mutanen da suka yi shi. A zamanin Sarki Ja'afaru ɗan Isiyaku, wanda ya hau cikin 1937 ya rasu cikin 1959, an shaidi fadar Zazzau da tsanani a kan dukiyar jama'a, har yau tsofaffi suna ba da labarin adalcinsa.

Wannan shafi guda ke nan. Ga ɗayan.

Na farko, kaso mafi girma na abin da a ke tarawa albashi ya ke tafiya, tun daga na Sarki har na dagatai, musamman a shekarun farko. Abin da ya rage domin makaranta da magani kaɗan ne. Cikin ragowar nan ma a kan tsame wani abu a ajiye saboda shekarar yunwa, ajiyar kuwa a Ingila a ke juya ta, alhali ga garuruwa ba rijiya. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko ma baitulmalin Arewa sun ba da gudummawa mai yawa ga yaƙin da manomin Soba ko na Ikara bai san mafarinsa ba. Akwai kuma aikin da ba ya shiga littafi sam. Hanyoyi da yawa da gumin talakawa aka share su ba lada, tsakanin 1942 da 1944 kuwa aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos, ta hannun hakimai da dagatai aka ɗebe su, waɗansu ba su komo ba.

Na biyu, aikin bai bazu daidai da yadda harajin ya bazu ba. Mutumin kudancin lardi yana biya kamar kowa, amma makaranta da asibiti da muƙami sun fi yawa a birni da kewayensa, har ya zama yawancin ilmin da kudu ta samu daga mishan ta same shi. Cikin 1946 mutanen ƙasar Zangon Katab suka ta da ƙayar baya a kan haraji da mulkin da a ke yi musu, kukan nan kuma aka sake kai shi gaban hukumar Willink mai binciken koke-koken ƙananan ƙabilu cikin 1957 da 1958. Wanda ya san abin da ya faru a ƙasar nan daga baya ya san ba ƙaramar magana ce aka bari ta kwana ba.

Na uku kuwa shi ne babba a wurina, shi ne kuma dalilin biyun farko. Lissafinmu mai kyau ne, amma sama ya ke kallo. Ma'aji yana ba Sarki lissafi, Sarki da majalisa suna ba Razdan, Razdan yana ba Kaduna, Kaduna tana ba Ikko. Mutumin da ya sayar da akuyarsa ya biya haraji ba ya cikin jerin nan. Ba a taɓa tara shi a ce ga abin da garinku ya biya bana, ga abin da aka yi muku da shi. In ya tambaya ma, ya zama mai tsaurin ido. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Mun ci ladan, mun yi askin gwargwado, amma ba mu ba shi madubi ya duba ba.

Ba yau aka fara faɗar haka ba, ba kuma bare ne ya fara faɗa ba. Ran 19 ga Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi kansa ɗan En'e ta Bauci ne, ya tashi a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e duka a gyara shi, domin a ba talakawa baki cikin sha'anin mulkinsu. Gwamnati ta sa Turawa biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto, daga nan aka ƙarfafa majalisun gunduma da na ƙauye, aka yi dokar En'e ta 1954. Ɗaukaka makarantar nan ta Kongo a shekarar nan yana cikin gyaran. Amma siyasa ta riga ta shigo, aka riƙa amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai a kan 'yan hamayya. Hajiya Gambo Sawaba 'yar garin nan ce, an ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ga shi yau sunanta ke kan asibitin Ƙofar Gayan. Tsananin lissafi kuma ya fara sassautawa da idon da a ke tsoro ya ɗauke. Baitulmalin Kano, wanda ya fi na kowa ƙarfi a Arewa, wanda da kuɗinsa aka kawo wa birnin Kano ruwan famfo da lantarki daga Challawa tun wajen 1931, shi ne ya rikice har Gwamnatin Jihar Arewa ta sa Muffett ya bincike shi cikin 1962, Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus cikin 1963. Abin lura a nan, littafin da tsoron mutum guda ya tsare, ran da mutumin ya tafi ba mai tsaronsa.

Sauran labarin kun gan shi da idonku. Bayan juyin mulkin 1966 soja suka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Cikin 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi na ƙasa duka, sunan En'e ya kau, aka raba ƙasar Zazzau hukuma hukuma, har garin nan kansa yau yana hannun biyu, Zariya da Sabon Gari. Cikin 1979 Gwamna Balarabe Musa a Kaduna da Gwamna Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, suna kuwa da hujja, gama sun sha wuya a kansa. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Kuɗin ƙaramar hukuma yanzu daga asusun Tarayya su ke zuwa, kashi 20.6 cikin ɗari a ke raba wa hukumomi 774. Tsarin mulki na 1999 kuma ya sa su bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Dā talaka ya san abin da ya bayar, bai san abin da aka yi da shi ba. Yanzu bai san ko ɗaya ba, shugaban hukuma kuma ba ya bukatar ya taka ƙofar gidan kowa kafin kuɗi su zo.

In kuna son ma'auni, ku ɗauki ruwa, gama shi ba ya ɓoyuwa. Cikin 1939 aka yi wa Zariya gidan ruwa na farko, mai ba da lita miliyan 10 a yini. Cikin 1975 aka ƙara wani mai lita miliyan 50. Gari ya yi ta girma, ga jami'a, ga barikin soja, ga makarantu, injuna suka tsufa, famfo ya ƙafe a unguwanni da yawa shekara da shekaru. Cikin 2008 aka ba da kwangilar sabon gidan ruwa mai lita miliyan 150, ba a buɗe shi ba sai cikin 2017, aka gina madatsa a kan kogin Galma, aka karɓi rance daga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da Bankin Raya Afirka domin manyan bututu da tankuna da jan ruwa cikin unguwanni. Aiki ne babba, ba mai musu. Amma ruwa ya daɗe da fita hannun ƙaramar hukuma, na jiha ne, rancen kuwa jikokinmu za su taya biya. In kun fita ƙofar makarantar nan kuka bi ta Tudun Wada da safe, ku ƙidaya 'yan garuwa da kurarsu. Magidancin da ke sayen jarka kullum yana biyan haraji ne wanda ba rasit, in ya tara na shekara kuwa zai tarar ba ƙaramin abu ba ne. Wa zai tambaya? Kansila ya ce na jiha ne, jiha tana Kaduna.

Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, kada kuma a ba hukumar da ba zaɓaɓɓiya ba. Hukunci ne mai nauyi. Sai dai alƙali ba ya riƙe wa ma'aji alƙalami. Kuɗi ko sun zo kai tsaye, in lissafinsu sama kaɗai ya ke kallo, an canza Razdan ne kurum. Tsarin mulki ya lissafa abin da ke wuyanku: kasuwa da tasha da mahauta, kwashe shara, magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi, maƙabarta, rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu cikin makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Duka abubuwa ne da mutum ke gani da idonsa tsakanin gidansa da kasuwa.

Saboda haka ga roƙona ga ma'ajin Zariya da na Sabon Gari da sauran 'yan'uwansu na ƙasar Zazzau, ba ya kuwa bukatar sabuwar doka ko kuɗi mai yawa. Kowane wata a rubuta takarda guda da Hausa, da boko da ajami, da Turanci saboda waɗanda ba su jin Hausa: ga abin da ya zo daga Tarayya, ga abin da aka tara a kasuwa da tasha, ga abin da albashi ya ci, ga aikin da aka yi, a unguwa kaza, a kan kuɗi kaza, ɗan kwangila wane. A manna ta a ƙofar sakatariya, da kasuwar Tudun Wada da ta Sabon Gari da ta cikin birni, a ba masu unguwa su karanta wa jama'arsu, a kuma karanta a rediyo. Ku kuma dattawa, waɗanda har yanzu akwai tsofaffin littattafan ƙiyasi da na haraji cikin adakarku, kada ku bar wa gara. Ku kawo su ɗakin karatu na makarantar nan, ko Gidan Arewa a Kaduna, domin ɗaliban da ke koyon mulkin ƙananan hukumomi su ga yadda a ke bin anini har a san inda ya kwana.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikin ma'aikata, ya mai da kowa gidansa lafiya. Haza wassalamu.